DAGA GAFAKA ZUWA WAYAR SALULA: TARIHIN LITTAFIN KYAUTA DA KARATUN 'YA'YA A GIDA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya sanar da ɗan Adam ta hanyar alƙalami. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Da yawa daga cikinmu a yau magidanta ne masu ƙananan yara, wasu kuma yayye ne da ƙanne ke zagaye da su. Kusan kowannenmu yana da waya a aljihu, kuma a cikin wannan wayar ana iya tara littattafan da malamin da ya rayu shekara ɗari biyu da suka wuce zai ƙare rayuwarsa bai mallaki rabinsu ba. Amma duk da haka, idan ka tsayar da yaro a Dudunni ko Kusada ko Kankiya ka tambaye shi wane ne Wali Ɗan Marina, ko wace ce Nana Asma'u, sau da yawa sai ya tsaya yana kallonka. Littafi ya yi araha, har ma ya zama kyauta, amma bai shigo tsakar gida ba. Wannan shi ne dalilin wannan rubutu: mu waiwayi yadda magabatanmu suka shigar da littafi cikin gida a lokacin da yake da tsada, sannan mu ga me ya rage mana a lokacin da ya zama kyauta.

LITTAFIN DA AKA RUBUTA DON YARA

Mu fara da littafin da kowane ɗalibin zaure ya sani, wato Risala. Mawallafinta shi ne Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira (996 Miladiyya). A wurinmu Risala littafin manya ne, sai ɗalibi ya wuce Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya kafin ya kai gare ta. Amma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, don yara aka rubuta ta. Wani malamin yara ne, wanda malaman tarihi suka ce shi ne Muhriz bin Khalaf na birnin Tunis, ya roƙi Ibn Abi Zaid ya rubuta masa taƙaitaccen littafi da zai riƙa koya wa yaransa kamar yadda yake koya musu haruffan Alƙur'ani. Saboda haka ne littafin ya fara da aƙida, ya bi ta tsarki da salla da azumi da zakka, har ya gangaro kan ladubban cin abinci da sallama da neman izinin shiga gida.

Tun kafin Risala ma, a wannan birni na Ƙairawan, Muhammad bin Sahnun wanda ya rasu a 256 (870 M) ya rubuta Adabul Mu'allimina, littafi kan yadda malami zai tafiyar da yara, da hakkinsa, da iyakar horon da ya halatta gare shi. Wannan yana nuna mana cewa tun farko malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta iso ƙasarmu, sun ɗauki karatun yaro a matsayin babban sha'ani da manyan malamai ke zama su yi wa rubutu.

LOKACIN DA LITTAFI YAKE DA TSADA

Kafin zuwan injin ɗab'i, kowane littafi da hannu ake kwafe shi. Takarda daga ƙetaren hamada take zuwa, kuma mafi shahararta a ƙarni na 19 ita ce wadda ake yi a Italiya, mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa ta Tarabulus da Masar. Tawada da alƙalamin gamba a gida ake yin su. Wanda ke son littafi sai ya nemo mai shi, ya are shi, ya zauna makonni ko watanni yana kwafa, sannan ya ƙwanƙwance kwafinsa da na asali a gaban malami, ya ɗaure ganyayen a tadarishi, ya saka a gafaka. Matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da ya ga Timbuktu a farkon ƙarni na 16, ya ba da labarin cewa ribar cinikin littattafai a can ta fi ta sauran hajoji.

To, a cikin wannan tsada ne al'adar aro ta tsayu. Malam Ahmad Baba na Timbuktu (1556 zuwa 1627), da yake ba da tarihin malaminsa Muhammad Bagayogo, ya yabe shi da cewa yana ba da aron littattafansa mafiya daraja ga duk ɗalibin da ya zo ƙofarsa, ko da bai san shi ba, kuma ba ya bin sawun a mayar masa. Wannan shi ne asalin littafin kyauta a wurin Musulmin Afirka ta Yamma: malami ya ɗauki ilimi a matsayin amana, ya ɗauki ɓoye shi a matsayin laifi.

Ƙasar Katsina tana tsakiyar wannan zirga-zirga. Shehu Magili ya ratso ta a ƙarshen ƙarni na 15. Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan wannan yanki, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim a ciki. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Masani (1595 zuwa 1667), wanda ya yi wa Ishiriniya sharhi, da Wali Ɗan Marina. A ƙarni na 18 kuma aka yi Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi, wanda ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin nan na Masar. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye har yau tana ba da shaidar wancan zamani. Duk wannan tarihin garinmu ne, tafiyar da ba ta kai yini ba daga Dudunni, amma yaranmu nawa ne suka taɓa jin sa?

SHEHU DA MAGANAR CIKIN GIDA

Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754 zuwa 1817) ya tashi da wa'azinsa, ɗaya daga cikin abubuwan da ya fi sukar malaman zamaninsa a kai shi ne sakaci da iyali. A littafinsa Nurul Albabi ya zargi malamin da ke zama a zaure safe da yamma yana karantar da almajirai, alhali ya bar matansa da 'ya'yansa mata cikin duhun jahilci, ba su san hukuncin tsarkinsu da sallarsu ba. A ganin Shehu, karantar da na cikin gida wajibi ne da ya gabaci karantar da na waje. Hujjarsa kuwa a fili take: aya ta 6 ta Suratut Tahrim ta ɗora wa mumini tsare kansa da iyalinsa daga wuta, kuma hadisin Ibn Umar (R.A.) da ke cikin Bukhari da Muslim ya sanya uba da uwa duka a matsayin makiyaya da za a tambaya game da kiwonsu.

Shehu ya aikata abin da ya faɗa, kuma 'yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ita ce babbar shaida. A gida ta yi karatu, har ta zama mai rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Bayan an kafa daula, sai ta ga matsala: akwai ɗimbin mata a ƙauyuka da ba za su iya barin gidajensu su zo Sakkwato karatu ba, kuma su ne ke renon yaran da za su zama al'ummar gobe. Sai ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru, wajajen ƙarshen shekarun 1830. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa a matsayin alama. Jaji ita ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata su zo wurin Asma'u, su ɗauki karatu, su koma su isar wa matan aure a cikin gidajensu.

Abin lura a nan shi ne irin kayan karatun da ta tanada. Ta san cewa takarda tana da tsada kuma yawancin ɗalibanta ba sa karatu, saboda haka ta mayar da ilimi waƙa, yadda za a haddace a tafi da shi a ka. Ta yi waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, ta yi ta siffofin Manzon Allah (S.A.W.), ta yi ta mata salihai na tarihin Musulunci, ta kuma yi ta tarihin hijirar Shehu da yaƙoƙinsa. Ɗan'uwanta Isa ya mayar da wasu daga cikin waɗanda ta yi da Fillanci zuwa Hausa. Wato addini da tarihi tare ta haɗa su, da harshen da uwa ke yi wa ɗanta magana, kuma ba a biyan ko wuri.

Haka nan 'yan'uwanta maza ba su bar tarihi ya ɓace ba. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813. A cikin Infaƙul Maisuri akwai labarin ƙasashen Hausa da malamansu da yadda jihadi ya gudana, har da abin da ya shafi ƙasar Katsina, inda Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki bayan jihadi. Garin Dallaje kuwa ba shi da nisa da mu.

ZAMANIN ƊAB'I

Da Turawa suka zo, littafi ya sake kama. An kafa hukumar fassara wajajen 1930, wadda ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1932 da 1933, inda aka mayar da tsofaffin rubuce-rubucen tarihi na Larabci zuwa Hausar boko, ciki har da tarihin sarakunan Kano. Alhaji Abubakar Imam (1911 zuwa 1981), ɗalibin tsohuwar Kwalejin Katsina, wanda aka fi sani da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya rubuta har da littattafan addini irin su Tarihin Annabi Kammalalle. Malam Haliru Binji ya rubuta Ibada da Hukunci. Sannan a 1979 aka buga tarjamar ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa ta Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wadda daga baya maɗaba'ar Sarki Fahad da ke Madina ta riƙa bugawa tana rabawa kyauta. A ɗaya ɓangaren, maɗaba'un Kano da 'yan kasuwar Kurmi sun wadata kasuwannin ƙauye da ƙananan littattafai irin su Ƙawa'idi da Ahalari da Ishiriniya a farashin da talaka zai iya. A wannan zamani ne ya zama da wuya ka shiga gidan Musulmi ba ka ga littafi ko ɗaya a rataye ba.

ABIN DA KE HANNUNMU A YAU

Yanzu bari mu zo kan abin da mai waya zai iya samu ba tare da ya biya komai ba in ban da kuɗin data.

Na farko, Alƙur'ani da ma'anarsa. Tarjamar Shehu Gumi tana nan a intanet, a shafin maɗaba'ar Sarki Fahad da kuma manhajojin Alƙur'ani da dama. Ga uba ko uwa da ke son wurin farawa, babu kamar wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa a Suratu Luƙman, aya ta 13 zuwa ta 19, domin ta haɗa tauhidi da biyayyar iyaye da salla da ladabin tafiya da na magana. Bayanta sai Suratu Yusuf, wadda ƙissa ce guda daga farko har ƙarshe.

Na biyu, littattafan Larabci na asali. Maktabatush Shamila, wadda ta fara fitowa a 2005, ta tara dubban littattafai kyauta, ana iya sa ta a kwamfuta ko a waya. A cikinta akwai Risala da Ahalari, da Arba'una Hadisan na Imam Nawawi (ya rasu 676 H), da Shama'il na Imam Tirmizi (ya rasu 279 H), da Ashafa na Alƙali Iyal (ya rasu 544 H), da Sirar Ibn Hisham. Ga wanda zai ba yara tarihin Annabi (S.A.W.) a jere, Nurul Yaƙini na Shehu Muhammad al-Khudari, wanda ya rasu a 1927, littafi ne mai sauƙin Larabci, kuma daga gare shi aka tsamo Khulasar da ake karantawa a Islamiyyoyinmu.

Na uku, tarihin ƙasarmu. Rumbun Internet Archive, wanda aka kafa a Amurka a 1996, yana ɗauke da hotunan tsofaffin littattafai shafi-shafi. A nan za ka sami littafin tafiye-tafiyen Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Katsina a 1851 ya siffanta ganuwarta da unguwanninta, kuma shi ne ya ga kwafin Tarihus Sudan a Gwandu a 1853. Akwai littafin Charles Robinson na 1896 mai ɗauke da hotunan waƙoƙin wa'azi na Hausa da ajami, da na Rattray na 1913 wanda wani Malam Shaihu, Bahaushen ƙasar Gana ta yau, ya rubuta masa tatsuniyoyi da labarai da ajami. Haka kuma Jami'ar Boston ta buɗe rumbun rubutun ajami na Afirka, inda aka ɗora hotunan rubuce-rubucen hannu na Hausa, kowa na iya dubawa. Su kuwa littattafan Shehu da Abdullahi da Bello, da yawansu an ɗora su a intanet da Larabci, wasu tare da fassarar Ingilishi.

TSANTSENI GUDA UKU

Ya ɗan'uwa mai karatu, kafin ka shiga saukewa, ga abubuwa uku da ya kamata ka kiyaye.

Na ɗaya, ba kowane littafi da ka tarar ana yawo da shi a WhatsApp ne na kyauta ba. Akwai bambanci tsakanin littafin da mai shi ya rasu shekaru ɗaruruwa ko ya yi waƙafinsa, da littafin da marubucinsa ko magadansa ko kamfanin da ya buga shi ke cin abinci da shi har yau. Wanda ya ɗauki hoton irin wannan na biyu ya baza shi ba da izini ba, ya taɓa hakkin wani. Ba ya kyautuwa mu koya wa yaro amana da littafin da aka ci amana wajen samo shi. In kana da hali, ka saya. Kuɗin ƙaramin littafi sau da yawa bai kai na katin waya na mako guda ba.

Na biyu, littafin da aka sake bugawa a kwamfuta yakan zo da kurakurai: harafi ya faɗi, wasali ya sauya, layi ya ɓace. Magabata ba sa yarda da kwafi sai an ƙwanƙwance shi a gaban malami, mu ma haka ya kamata mu yi. Fiƙihu da aƙida musamman ba a ɗaukarsu daga takarda kaɗai. Ka kai babin da za ka koyar wurin malamin unguwarku, ya biya maka, sannan ka shiga gida da shi.

Na uku, littattafan Turawan farko suna da amfani wajen bayanin abin da idonsu ya gani, amma hukuncinsu a kan addininmu da mutanenmu yana ɗauke da manufarsu. Irin waɗannan babba ne zai karanta, ya tace, ya ba yaro abin da ya dace da bakinsa.

WA ZAI ZAMA JAJI?

Wani zai ce, to ai akwai makarantar allo da Islamiyya da ta boko, me ya kawo maganar gida? Amsa ita ce, ba muna kira ne a cire yara daga makaranta ba. Amma mun ga abin da ya faru a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu watanni, sannan a watan Disamba na wannan shekarar aka sace ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara, gwamnati ta rufe makarantun kwana. A 2021 kuma an katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jiharmu saboda matsalar tsaro. A irin waɗannan lokuta, gidan da karatunsa ya dogara kacokan da makaranta sai ya tsaya cik, wanda kuma littattafansa ke intanet kawai sai ya wayi gari hannu rabbana. Saboda haka duk abin da ka samu, ka sauke shi a katin waya, wanda kuma za ka koyar da shi ka kai shagon buga takardu a fitar maka da shi, a ɗinke. Takarda ba ta buƙatar caji.

Tsarin ba ya buƙatar wahala. Kwata ɗaya na awa tsakanin Magariba da Isha'i ya isa, in dai an dawwama a kai. Ƙananan yara a ba su ƙissoshin Annabawa da sunayen iyalan gidan Manzon Allah (S.A.W.) da baki, kamar yadda ake ba da tatsuniya. Waɗanda suka kai shekara 7 zuwa 10 a haɗa musu da hadisi ɗaya daga Arba'una a mako, da babi ɗaya na tsarki ko salla. Waɗanda suka tasa a ware musu dare ɗaya a mako don tarihin ƙasarsu: yau Korau da Gobarau, wani makon Ɗan Marina, na gaba hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804, sannan Nana Asma'u. Wayar ta zauna a hannun babba. Yaro ya maimaita abin da ya ji da bakinsa, ya rubuta shi da boko da ajami, domin wanda bai iya ajami ba an rufe masa ƙofar rabin abin da kakanninsa suka bari. In hali ya yi kuma hanya ta yi kyau, a kai su Katsina su ga Gobarau da gidan tarihin da ke ginin tsohuwar Kwaleji, domin gani ya kori ji.

Kuma kada a bar uwa a baya. Ita ce ke tare da yaro mafi yawan yini, kuma tarihin 'Yan Taru ya nuna cewa ta hannun mata ilimi ya fi saurin ratsa gida. Miji ya biya wa matarsa, in ita ta fi shi karatu ta biya masa, babu kunya a neman sani. Wa ya biya wa ƙani, ya ta biya wa ƙanwa.

A zamanin Bagayogo da Nana Asma'u, littafi ne ke da wuyar samu, amma aka sami mutanen da suka are shi, suka kwafe shi, suka haddace shi, suka taka da ƙafa suka kai shi ƙauyuka. A zamaninmu an ɗauke mana wahalar kwafa da ta tafiya, saura wahalar zama. Idan aka tambayi mutanen da dalilin jahilcin 'ya'yansu suna iya cewa ba su sami littafi ba. Mu kuwa wannan uzuri ya kuɓuce mana.

Allah Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka isar mana da wannan amana, Ya shirya mana zuri'armu, Ya sanya su sanyin idanunmu, Ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya. Abin da ya zama daidai daga Allah ne. Wallahu a'alam.